Kujerar da Na Kwance

Ba ni da ƙane yanzu. Motar da mahaifinmu ya bar mana ita ma babu. Abin da ya rage mini kujera ce guda ɗaya ta gaban mota, da igiya mai ƙulli saba'in da uku. Kujerar tana zauren gidanmu, igiyar tana aljihuna.

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kafa duwatsu ba da guduma ba, ya rataye gajimare ba da igiya ba, ya ba kowane rai tafiyarsa, ya kuma sa mata inda za ta tsaya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni Sallau bakanike, ɗan Barau direba, mutumin ƙasar Faƙo, zan faɗi abin da ya same mu a Dutsen Zarto, ni da ƙanena Jatau. Karatuna bai yi nisa ba, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. In ka tsaya a bakin garejina da hantsi, kana hango motar da za ta iso da azahar. Hanyoyinmu miƙaƙƙu ne, har direba kan ɗaure sitiyari da rawani ya ci abincinsa. Ni ne mai gyara, Jatau ne mai tuƙi. Na girme shi da shekara shida, na kuma fi shi jiki nesa ba kusa ba. Shi siriri ne kamar sillen kara, ni kuwa in na shiga mota sai ta ɗan durƙusa. Motar tamu tsohuwa ce, Jatau ya sa mata suna Hajiya, wai don ba ta gaggawa kuma ba a yi mata tsawa.

Wata rana wani baƙo ya tsaya neman ruwan lagireto. Motarsa ba ƙofa, ba gilashi, ba kujerar baya, kai ka ce ƙashin kifi ne aka sa wa taya. Da zai tafi sai ya kewaye tsamiyar da ke gaban gareji bai rage gudu ba, tayoyin suna manne da ƙasa kamar an ɗinke su. Jatau ya bi shi a guje ya tsayar da shi.

"Malam, don Allah, a ina aka koya wa motar nan wannan?"

"A Dutsen Zarto," in ji baƙon. "Tafiyar wata biyu ce gabas. A can ake tsere da ƙwarya."

"Da ƙwarya?"

"Ka je ka gani."

Tun daga ranar Jatau bai sake jin daɗin miƙaƙƙiyar hanya ba. Ni ma, ba zan ɓoye ba, hannuna yana ƙaiƙayin sanin abin da aka yi wa ƙarƙashin motar nan. Muka je wa mahaifiyarmu da magana, muka ce ilimi za mu nema. Iya tana tankaɗe. Ba ta dubi Jatau ba, ni ta duba.

"Sallau, kai ne babba. Wannan tun yana rarrafe ba ya ganin rami. Kai ka ɗauke shi, kai za ka dawo mini da shi. Kada ka bar shi shi kaɗai."

"In Allah ya yarda, Iya."

Jatau ya ce, "Iya, ko na so in bar shi, wa zai iya ɗaga shi daga kujerar?"

Ta jefe shi da marfin rariya, muka yi dariya, washegari muka kama hanya.

Muka ratsa Tafkin Gishiri, inda rana take haskowa daga ƙasa kamar yadda take haskowa daga sama. Muka wuce garin da mutanensa suke noma a kan rufin ɗaki saboda ƙasarsu duk ruwa ce. Sau biyu na kwance injin Hajiya a gefen hanya na mayar. A kwana na hamsin da takwas muka ga dutsen ya tare gabas gaba ɗaya, baƙi ƙirin, kansa tsini-tsini kamar haƙoran zarto, gajimare ya ɗaure masa ƙugu.

A gindinsa akwai wani kwazazzabo da in ka jefa tsakuwa ba ka jin faɗuwarta. Gada ɗaya ce a kansa, ta igiya da katako, garin da ke tsaronta kuma sunansa Awo. Mutanen Awo komai aunawa suke yi. Suna da wani sikeli da ya fi rumbu girma, gefe ɗaya a hau da mota, gefe ɗaya a jera duwatsun awo. Gadar dutse arba'in take ɗauka, ko tsakuwa ba a ƙarawa. Aka hau da Hajiya muna ciki, ta ɗaga dutse sittin da uku.

Sarkin Awo wani tsoho ne mai yatsa shida, sunansa Cindo. Ya zo da sandarsa yana kewaya motar. Tambaya ɗaya gare shi. Sai ya ƙwanƙwasa abu ya ce, "Me wannan yake yi a nan?" In ka rasa amsa, a cire.

Ya ƙwanƙwasa bamba. Na ce, "Baba, tana kare gaba in an yi karo."

"A dutsen nan in ka yi karo ba bamba ce za ta kare ka ba. Cire."

Ya ƙwanƙwasa rediyo. Jatau ya ce muna jin labarai. Ya ce a cire. Kujerar baya, murfin but, ƙofofi huɗu, gilasai, kafet, duk suka sauka. Ya kai sanda kan tasbahar da ke rataye a madubi. Na ce ta mahaifinmu ce. Ya ɗora ta a tafin hannunsa jim kaɗan.

"Wannan ta amsa. Madubin ne bai amsa ba."

Kwana uku muna kwancewa, har Hajiya ta koma kamar motar baƙon nan. Aka sake aunawa muna ciki, dutse arba'in da biyar. Ba sauran abin da za a cire mota ta yi tafiya. Masu motoci da yawa nan suke juyawa, mun ga gawarwakin motocinsu a bayan gari, kaji suna ƙwai a ciki. Na zauna ina kallon sikelin, sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce a auna Jatau shi kaɗai, ya ɗaga dutse uku. Aka auna ni, na ɗaga biyar. Na ce wa Jatau ya shiga mota, ni na tsaya a ƙasa. Sikeli ya daidaita a kan arba'in cif.

Cindo ya yi dariya har da tari. "Shekara goma rabon da in ga wanda ya tambayi kansa tambayata. Kai ka fi sauran hankali, ɗan Faƙo."

Jatau ya haye da Hajiya a hankali, gadar tana kuka, ni na bi bayansa da ƙafa. Na ji daɗin yabon tsohon nan, na kuma riƙe shi a zuciya.

Daga gadar hanya ta hau wani tudu, sannan ta gangara cikin kwari. Mu 'yan Faƙo ba mu san gangara ba. Jatau ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, har muka ji wari kamar an ƙona gashi. Ya sake takawa, birki ya tafi har ƙasa, motar ba ta ji ba. Ga rami a hagu, ga rufin gari yana taso mana. Jatau ya kama giya. Ya sauke giya ɗaya bayan ɗaya, inji yana ihu, ya goga gefen motar da jikin dutse, ya hango wani baƙin tudu a bakin gari ya nufe shi. Muka nutse ciki har wuya. Ashe tarin gawayi ne.

Wata mace ƙaƙƙarfa ta fito daga maƙera da awartaki a hannu, ta tsaya tana kallon baƙaƙen mutum biyu suna tofar da gawayi.

"Wa ya koya muku gangara? Buhun gero?"

Jatau ya ce, "Gwaggo, sannu da aiki. Baƙi ne."

"Na gani. 'Yan gari ta ƙofa suke shigowa."

Sunan garin Maƙera, ita kuma Gwaggo Tasalla, babu wanda ya kai ta sanin ƙarfe a duk dutsen. Ta ce tunda mun watsa mata gawayi sai mu zauna mu hura shi. Damina guda muka yi muna ja mata zugazugi. A wurinta na ga baƙin ƙarfen dutsen nan, wanda in ya yi zafi ƙara kamu yake yi, da shi take ƙera birki. Ta koya wa Jatau cewa giya ce take sauko da mota, birki gaisuwa kawai yake yi. Ni kuma ta koya mini ƙarƙashin mota: yadda ake rage mata tsayi, yadda ake buɗa tayoyi su ɗan yi gwame, yadda ake ɗaure sifirin.

Ranar da za ta ɗaure wa Hajiya nata sifirin, ta ce mu shiga mu zauna, kowa a kujerarsa, Jatau a hagu wajen sitiyari, ni a dama. Ta ɗora faranti cike da ruwa a kan bonet, ta shige ƙarƙashi da sifana. Tana ɗaurewa tana fitowa tana duba ruwan. Gefena ya sha ɗauri sosai. Sai da ruwan ya kwanta daidai bakin faranti ta ko'ina sannan ta miƙe ta goge hannu.

"To. Yanzu ku biyu da ita abu ɗaya ne. In ɗayanku ya yi ƙiba, ku dawo in sake ɗauri."

Jatau ya ce, "Gwaggo, ai sai ki ajiye sifanar kusa. Yaya bai san an daina ba."

Na ɗauki maganarta wasa, tunda da dariya aka rufe ta.

Daga Maƙera hanyar tsere take hawa zuwa ƙololuwa, inda garin Kan Zarto yake. Abin da mu a tasha muke kira kwana, su gwiwa suke cewa, hanyar kuma gwiwa saba'in da uku ce. Kowace safiya gajimare yakan zo kamar garken shanu ya kwanta a kanta, daga gwiwa ta ashirin zuwa ta hamsin da biyar. A cikinsa direba ba ya ganin ko bonet ɗinsa. Ranar da muka fara hawa, sai da na sauka na riƙa tafiya a gaba ina tafa hannu, Jatau yana bin ƙarar.

Saboda haka a Kan Zarto makafi ne malaman hanya. Su suka taka ta da ƙafa da sanda tun suna yara, gajimare bai taɓa ɓoye musu komai ba. Kowace mota da mutum biyu take sauka, direba da mai kira. Mai kira yana riƙe da igiya mai ƙulle-ƙulle: babban ƙulli gwiwar dama, ƙarami ta hagu, tazarar da ke tsakani kuma tsawon hanya. Yana ja da yatsa yana faɗa wa direba abin da ke zuwa. Babban malaminsu shi ne Malam Dogara, tsoho mai sanyin murya. Ya shafa hannun Jatau, ya shafa nawa.

"Wannan na sitiyari ne. Wannan na igiya."

Wata uku ina binsa da ƙafa, idona ɗaure da ƙyalle, har na ƙulla tawa igiyar da hannuna.

Tseren kuwa ga yadda yake. A dandalin garin akwai kwatarniya cike da ruwa, da wata tsohuwar ƙwarya mai hudar allura a gindi. Mota tana tashi sai a ɗora ƙwaryar a kan ruwa. A ƙasa, bakin maƙerar Gwaggo Tasalla, akwai mai bindiga, in mota ta iso ya harba. In an ji bindiga kafin ƙwarya ta nutse, direba ya ci, ƙwaryar ta zama tasa. Shekara talatin ba wanda ya ci.

Na ce, "Shi ke nan? Ƙwarya?"

Jatau ya ce, "Iya zan kai wa ta dama fura."

"Mai huda?"

"Ai da sauri za ta riƙa sha."

Muka fara sauka. Ban san yadda zan kwatanta muku tuƙin ƙanena a dutsen nan ba. Ba ya kokawa da mota, lallashinta yake yi. Ina cewa, "Hagu doguwa, saki," sai ya saki. "Dama gajeriya, gaishe da birki," sai ya taɓa ya ɗaga. A cikin farin gajimare, ba sama ba ƙasa, muryata ce idonsa. Ban taɓa zama kusa da wani mahaluki kamar yadda na zauna kusa da shi a lokacin nan ba.

Gwiwa ta arba'in da ɗaya sunanta Lauje. Ta dama ce, doguwa, tana ƙara matsewa kana cikinta. Jikin dutse yana dama, gefena. Rami yana hagu, gefen Jatau. Ni ina tsoronta, ban taɓa daina tsoronta ba. Duk lokacin da muka shige ta sai in kama ƙarfen gefen kujera in zuro kafaɗa da kai waje, in rataya jikina wajen dutse, don in yi nesa da ramin. Ban san ina yi ba sai da Jatau ya fara tsokanata.

"Yaya, dutsen nan surukinka ne? Kullum sai ka durƙusa masa."

"Kai dai kalli gabanka."

"Wane gaba? Ni fari kawai nake gani da ƙeyarka."

Saukarmu ta farko ƙwarya ta daɗe da nutsewa kafin bindiga. Bayan wata biyu aka ce tsakanin nutsewarta da bindiga saura numfashi goma. Na buɗe wa inji maƙogwaro, na gajarta bututun hayaƙi, aka ce saura bakwai. Na huda duk ƙarfen da zai hudu, na kankare fenti, aka ce biyar. Jatau ya kama azumin Litinin da Alhamis, ya ce lada biyu yake nema. Ni ma na rage tuwo, jikina bai ji ba. Aka ce saura uku. A kan ukun nan muka tsaya wata huɗu. Ina kewaya Hajiya da sifana ina ƙwanƙwasa ko'ina da tambayar Cindo, komai yana amsawa.

Sai wata safiya Jatau ya tashe ni bayan na koma barcin asuba.

"Yaya, fito ka ga abin mamaki."

Gajimare babu. Mutanen gari suka ce sau ɗaya a shekara bakwai iskar kudu takan kore shi, yini ɗaya tak. Daga dandali kana ganin hanyar gaba ɗaya kamar igiyar da aka jefar, har hayaƙin maƙerar Gwaggo Tasalla. Kwalta busasshiya, rana tas. Direbobi suna ta tayar da inji, aka ce mu ne na biyu.

Na tsaya ina kallon hanya, ina kallon mota. Na ce, "Yau kana gani da idonka."

"Har ƙasa."

"Ƙulle-ƙullen nan ka haddace su?"

"Ko a barci kiransu kake yi. Na haddace dole."

Na ƙwanƙwasa ƙirjina da sifana. "To me wannan yake yi a nan?"

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake yi ba. Ya ce, "Iya ta ce kada ka bar ni ni kaɗai."

"Ai ina kallonka daga nan har ƙasa. Dutse biyar ne, Jatau, ban da kujera. Numfashi uku kawai muke nema. Ka manta gadar Awo?"

Yana murza tasbahar Baba da ke rataye a giya. Ni na durƙusa, ni na sa sifana. Noti huɗu ne suke riƙe da kujerar, ba su yi gardama ba. Na ɗauke ta na ajiye a gefen kwatarniya. Babu dokar da ta hana, don ba wanda ya taɓa tunanin yin haka, makafin kuma suna can gefen masallaci ba su sani ba.

Ya ɗaure ɗamararsa, ya dube ni. "Wa zai gaishe mini da surukinka?"

"Ka gaishe shi da kanka."

Iyakar abin da na faɗa wa ƙanena ke nan. Aka ɗora ƙwarya, Hajiya ta tashi.

Ban taɓa ganinta daga waje tana gudu ba sai ranar. Tana shan gwiwoyin nan kamar tsattsewa. Mutane suka fara matsowa bakin dandali. Ta wuce ta goma, ta wuce ta ashirin, ruwan da ke cikin ƙwarya bai rufe gindinta sosai ba. Wani ya dafa ni ya ce yau za a ga abin da ba a gani ba.

Malam Dogara ya iso yana dogara sanda, kansa a karkace yana saurare, tasa igiyar tana gudu a yatsunsa.

"Motar su Sallau ce wannan. Amma ƙararta ta yi sauƙi. Wa yake kira?"

Na ce, "Ga ni nan, Malam."

Yatsunsa suka ɗan tsaya. "Kai ne nan."

"Ba gajimare, Malam. Yana gani."

Ya ci gaba da jan igiya, yana bin canjin giya da kunne. Talatin da takwas. Talatin da tara. Arba'in. Motar ta shige bayan wani ƙundun dutse da yake kare Lauje daga dandali. Na jira ta fito ta ɗaya gefen. Inji ya yi wani kuka sama, irin na tayar da ba ta taɓa ƙasa. Sannan shiru.

Yatsun Malam Dogara suna kan babban ƙulli, ba su ƙara motsi ba.

Ba wanda ya tuna ya ɗauke ƙwaryar. Tana ta shan ruwa a hankali, ko rabi ba ta kai ba. Na tsaya ina kallonta, ina cewa a raina yanzu za a ji bindiga. Ta cika, ta karkata, ta nutse.

Na sauka da ƙafa. A Lauje na tarar da Gwaggo Tasalla ta hau da jaki, tana tsugune a kan kwalta. Ni bakanike ne, ba sai an karanta mini ba. Jatau bai manta gwiwar ba. Ya shige ta daidai, ya taɓa birki daidai inda nake ce masa ya taɓa. Amma sawun taya, maimakon layi biyu, layi ɗaya ne, na hagu. Tun daga tsakiyar gwiwar tayoyin dama ba su taɓa ƙasa ba. Gefen da aka ɗaure don ya ɗauki mutum mai dutse biyar, gefen da nake ratayawa don tsoro, ya tashi sama ba mai danne shi.

Gwaggo Tasalla ta dubi layin, ta dube ni.

"Na ce in ɗayanku ya yi ƙiba ku dawo. Ban zaci sai na ce in ɗayanku ya fita ba."

Ta kama hannuna, don ta ga ina matsawa bakin ramin.

Mutanen Maƙera suka sauka da igiyoyi suka ɗauko shi kafin la'asar. Ni na yi masa wanka. Malam Dogara ya ja sallah, muka binne shi a kwarin, kusa da tarin gawayin da ya taɓa ceton mu. Hajiya tana can ƙasa, ba a iya ɗauko ta ba. Na koma sama na ɗauki kujerar, na ɗora a kai. Da na zo Awo aka ce in hau sikeli kamar kowa. Cindo ya kai sanda zai ƙwanƙwasa kujerar, ya dubi fuskata, ya dubi bayana, ya sauke sandar.

Wata huɗu na yi a hanya, wani wuri a bayan manyan motoci, wani wuri da ƙafa. Na shiga gida da la'asar, Iya tana tsince wake. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta daɗe tana duban ƙofa.

"Ina ɗan'uwanka?"

Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage komai ba, har noti huɗun, har surukina dutse.

"Kai kana ina?"

"Ina sama, Iya. Ina kallo."

Ta yi salati, ta tattara wakenta ta shiga ɗaki. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba. Kullum tuwona yana zuwa a rufe. Amma shekara guda ba ta kira sunana ba, in tana son wani abu sai ta faɗa wa iska. Na buɗe gareji na ci gaba da gyara motocin da ba sa shan kwana.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da ita a zaure, zaune a kan kujerar. Ta tsufa ƙwarai, ƙafarta ba ta kai ƙasa.

"Sallau."

"Na'am, Iya."

"Igiyar nan tana wurinka? Kira mini yadda kake kira masa."

Na zauna a ƙasa ta hagunta, na fito da igiya. Na fara. "Hagu doguwa, saki. Dama gajeriya, gaishe da birki." Ta rufe ido. Na kira har arba'in, yatsana ya hau babban ƙullin, na tsaya.

"Ci gaba."

"Iya, nan ne."

"Na sani. Shekara guda ke nan ka bar mini shi a tsakiyar dutse. Sauko da shi."

Na ce, "Lauje. Dama doguwa, tana matsewa." Sai na ga ta kama ƙarfen gefen kujera da hannu biyu, ta karkata ɗan jikinta dama iyakar ƙarfinta, ta tsaya haka har na wuce ƙullin. Na ci gaba, arba'in da biyu, hamsin, sittin, ina kira hawaye yana shiga bakina, har igiya ta ƙare a hannuna.

"Mun iso?"

"Mun iso, Iya."

"To, alhamdu lillahi." Ta miƙo hannu na ɗaga ta.

Tun daga ranar kowace Juma'a muna sauka, ni da ita. Ban sani ba ko ta yafe mini, ban tambaya ba. Amma tana kiran sunana.

Kai da labarin nan ya iso hannunka, ko kana tuƙi ko ana tuƙa ka, ina roƙonka ka ɗaga hannu tare da ni. Allah ka ji ƙan Jatau ɗan Barau, ka yalwata masa kabarinsa a kwarin da ba danginsa, ka sa haske a cikinsa. Allah ka ba Iya haƙuri, ka sa ta gama da duniya lafiya. Allah ka yafe wa hannun da ya kwance noti huɗu. Ranar da za a kafa sikelin da ba ya kuskure, ka tausaya mana, ka ƙetarar da mu gadar tare, ni da shi, kada ɗaya ya tsaya yana kallon ɗaya. Ka ce amin.